Fitilar da Ba Ta Sa Ciwon Ido

Ku da kuke cewa aikin ruwan leda kunna wuta ne kawai, sai mutum ya sami benci ya zauna yana latsa waya har tanki ya ƙare, ban ga laifinku ba. Kun tarar da injin da ke yin kuka da kansa idan fitila ta mutu. A zamaninmu fitila ba ta kuka. Ko ta mutu tana nan tana ci, kamar ma'aikacin da ya daina aiki tun bara amma kullum yana kan kujerarsa da jarida.

Sunana Isiyaku, amma a unguwar Sintali sai ka ce Isiya mai haske kafin a nuna maka gidan. Mahaifina daga Zariya ya zo da sana'ar bokiti da mazurari, a gindinsa na koyi yankan kwano da liƙin dalma. Da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo mana, kowa da jakarsa da ƙishinsa. Ɗakin haya ya yi wuya, ruwa ya fi shi wuya. Matan unguwa suka shiga ƙulla ruwan randa a leda. Su hura ledar da baki ta buɗe, su zuba, su ɗaure, a jera a kula da ƙanƙara. Manya masu ɗamarar wuya suna sha suna lumshe ido, ba su san da numfashin wa aka buɗe musu ba.

Ranar da na fara ganin fitilar nan, a wani asibitin mishan ne a bayan gari, inda na bi Baba Angyu ina miƙa masa sifana. Baba Angyu Bajukune ne, tsohon mai gyaran famfo, mutum ne da ba ya maimaita magana ko za a mutu. Ya kwance wani bututun farin ƙarfe da bai wuce tsawon hannu ba. A cikinsa akwai kube na gilashi, a cikin kuben kuma fitila siririya kamar karan dawa. Ruwa ya shiga ta nan, ya kewaya kuben, ya fita ta can. Ba magani, ba tafasa, ba ɗanɗano. Na yi dariya na ce, "Baba, yanzu wannan ce ke kashe ƙwayar cuta? Ai ko kiyashi ba za ta kashe ba."

Ya ce, "Kar ka duba shi da ido."

Yana juya baya ya tafi cin abinci, na jona ta a fili na ƙare mata kallo. Shuɗi ne mai sanyi, ko ɗumi babu. Washegari na tashi idona kamar an ɗebo yashin kogi an cika mini, hawaye na zuba, ko ƙofa ba na iya kallo. Mahaifiyata ta ce apolo ce, ta raba mini kofi da tawul. Baba Angyu ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya kalle ni ya girgiza kai.

"Kai mai fatan ido, ya yi maka haka," in ji shi. "Ƙwaya fa? Ƙwaya ba shi da fatan ido da zai rufe."

Karatun da ya yi mini ke nan a kan yadda take aiki, kuma ya ishe ni. Sauran duk a hannu na koya, da ranƙwashi.

Akwai wata rana da na zaro kuben da tafin hannuna bayan na gama cin ƙosai. Ban ankara ba na ji sifana a ƙeya. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya tare hasken, balle farin gishirin da ruwan rijiya ke bari a jikin gilashi. Da lemun tsami muke goge shi, da tsohon ɗankwali mai laushi, a hankali kamar ana wanke jariri, don kuben ba irin gilashin taga ba ne. Gilashin taga yana barin shuɗin ya wuce, ya tare wanda ke kisan. Abin da har yau ba ya shiga kan mutane ke nan: shuɗin da ido ke gani ɗan rakiya ne, mai aikin ba a ganinsa. Shi ya sa fitila in ta yi wajen shekara sai a cire ta, ko da tana ci kamar ta amarya.

Ga shi kuma ba ta son datti. Ruwa in ya gurɓace, ƙwaya sai ta laɓe a bayan laka ta wuce abinta. Dole sai an sa alam dattin ya kwanta, ruwan ya bi ta tankin yashi, ya bi ta gawayi, ya bi ta kyandir ɗin tacewa, sannan a kai shi gabanta. In ka buɗe famfo da yawa don kana sauri, ruwan ya wuce ko gaisawa ba su yi ba. In aka ɗauke wuta, kafin ka nemi ashana ko ka zagi kowa, famfo za ka fara rufewa. A shekarun nan kuwa wuta baƙuwa ce, ta leƙo ta koma. Na yi gudun rufe famfo har ƙafata ta san hanya ba tare da ni ba.

Aikin da ya zama nawa na kaina, na Alhaji Buba ne. Ɗan kasuwar doya da masara ne a Mutum Biyu, ya je Kudu ya ga ana liƙe ruwa a leda da inji, ya dawo da inji a bayan mota. Ya kama wani shago a Sintali, Baba Angyu ya haɗa masa komai, ya ce shi ya tsufa da gudun famfo, ya bar ni a wurin. Alhaji ba mugun mutum ba ne a ciniki, sai dai duk abin da ba ya aunuwa a mudu ko a buhu, a wurinsa tatsuniya ce. A duk kayan nan abu guda yake ƙauna, wani ɗan ido kamar kwabo a jikin bututun, inda ake hango shuɗin ta cikin gilashi mai kauri. Baƙi in sun zo sai ya sa su layi su leƙa, yana tsaye yana gyara hula kamar shi ya ƙirƙiro hasken. Daga nan gari ya sa wa ruwanmu suna, ruwan haske.

Sunan nan ya ja mini aikin da ba a ɗauke ni dominsa ba. Wata tsohuwa ta zo da jarkar ruwan rafi, ta ce in jingina mata a jikin bututun ya ɗan sha haske. Wani makiyayi ya zo da ƙwaryar nono, ya ce tun da abin yana kashe cuta, a haska masa kada ya yi tsami kafin kasuwa. Wani ya kwance rawani ya nuna mini makero a kansa. Direban wani babban darakta kuma kullum sai ya ce na oga a haska sau biyu. Shi kam ba na musu da shi. In karɓi ledojin in shiga ciki, in sha shayina, in fito masa da su. Oga ya aiko cewa lallai ya ji bambanci.

A duk masu sayen ruwanmu mutum ɗaya ce ta taɓa yi mini tambayar hankali. Sista Talatu, tsohuwar nas ce da ta bar aiki ta buɗe ɗan asibiti a unguwar Sarkin Dawaki, gadaje kaɗan da tabarmi da yawa. Gajeriya ce, muryarta ta fi ta girma. Ta zo ba ta ko kalli ɗan idon ba. Ta sa na buɗe mata tankin yashi, ta ɗaga ruwa a kofin gilashi ta duba a rana, sannan ta ce, "Yaushe ka canja fitilan?" Na gaya mata. Da ruwanmu take so ta riƙa haɗa wa yara masu gudawa ruwan gishiri da sukari, don kananzir ya zama sai mai hanya, itace kuma da damina ba ya kamawa.

"In na daina dafa ruwa saboda kai," ta ce, "yara na suna wuyan ka."

Na ce, "Na ɗauka, Mama Sista." Na faɗa da faɗin rai ma, don a lokacin gani nake babu abin da zai gagare ni.

Shekarar da ta ɓaci, damina ce ta zo da hauka. Kogi ya cika ya shiga unguwanni, ya haɗa masai da rijiya ya mai da su 'yan uwa. Ba a jima ba amai da gudawa suka sauka a gari. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar a ɗauke shi a kafaɗa. Kowa ya ji tsoron rijiyarsa, sai aka yo kanmu. Ruwan da tanka ke kawo mana ya koma kalar koko, ina fama da alam da wankin kyandir, masu talla suna layi har titi. Alhaji bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba, har wata ƙiba ya yi a wuya.

Ana cikin haka wata rana wuta ta dawo da ƙarfinta duka, ta ƙone cok ɗin da ke daidaita wa fitila wuta, ta ƙone fitilar, kuben ma ya tsage. Tun kafin damina nake ce wa Alhaji a sayo wata a ajiye, yana ce mini, "Tana ci, me za a canja? Kai in matarka tana da lafiya kana ajiye wata a sito?" Irin fitilar nan kuwa sai Kudu, ga ruwa ya cinye hanya, motoci sun yi cirko-cirko a bakin gada. Na rufe famfo, na gaya wa masu talla babu ruwa.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji da wani dogon abu naɗe a zane. Ya warware a gabana yana murmushi. Doguwar fitila ce shuɗiya, irin wadda masu ba da hayar lasifika ke ratayawa a gidan biki. Ba ta shiga bututun, don haka ya sa aka rataye ta a saman tanki, ya kira magini ya fasa taga a bango don masu wucewa su gani.

"Ka ga wannan," in ji shi. "Ta fi waccan tsawo, ta fi ta haske. Kuma tun jiya nake kallonta, idona lafiya lau. Waccan mai sa apolo ai ita kanta cuta ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke sa ciwon idon, shi ke kashe cutar."

"To wa ya ce maka ina son abin da ke sa wa mutane ciwo a cikin ruwana?"

"Wannan ta rawa ce, Alhaji. Ko sauro ba ta kora."

"Shuɗi dai shuɗi ne, Isiya."

Na ce to a kafa durom a riƙa tafasawa kafin hanya ta buɗe. Ya ce haske mutane ke saye, ba hayaƙi ba, kuma shi bai ga wanda zai tsaya jiran durom ya huce ba alhali kuɗi na tsaye a titi. Na ce ni hannuna ba zai buɗe famfon nan ba. Ya ce ai famfo ba ya tambayar hannun wa. Ya miƙo tafi, na ɗora masa mabuɗin shago, ya ba wani ƙanin matarsa da ko bambancin alam da kanwa bai sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta sifanata a can, ban kuma koma ɗauka ba.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai Sarkin Dawaki. Tabarmin Sista sun cika ɗaki sun fito har zaure, kowace da uwa da ɗa. Na ja ta gefe na gaya mata. Ba ta yi salati ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dube ni ta ce, "Ka iya yanka durom?" A ranar na fasa durom, na liƙa masa kan famfo da dalma, na gina murhu a ƙarƙashin rumfa. Mai haske ya koma mai hura wuta da ɗanyen itace, idona na hawaye kamar ranar da na kalli fitila. Ladana kwanon abinci ne da faɗan Sista.

Ita Sista ta yarda. Gari ne ya ƙi. Na faɗa a masallaci, na faɗa a majalisar mai shayi, na faɗa wa masu talla ɗaya bayan ɗaya. Aka ce an kori Isiya, baƙin ciki ke cinsa. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, ido ba mudu ba, amma ya san kima. Da ta kwabo muke leƙawa, yanzu ga ta nan har titi." Da magariba mutane su taru a bakin tagar nan suna kallon shuɗi, ƙwari su ma su taru, kowa da abin da ya kawo shi. Ciniki ya fi na da. Matar yayana ma a can take saye, in na shigo ta tura ledar ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci mini rai a ɗakin Sista yake faruwa. Ta hana shigo da ruwan leda, ta ce dafaffe kaɗai. Iyaye mata su amsa da to, sannan su ɓoye ledar a cikin zane. Ruwan durom yana warin hayaƙi, na leda kuwa na haske ne, an saye shi da kuɗi, uwa kuma abin da ya fi tsada take so ta ba ɗanta. Sista na juya baya su ɗura wa yaro. In ta kama ta ƙwace ta jefa a wani baho da ke bakin ƙofa, da shi ake wanke daɓe. Akwai tabarmin da aka naɗe ba don masu su sun warke ba. Ba zan ce ruwan wane ne ba, don rijiyoyi ma duk sun lalace, kuma rai ba abin da ake ɗora wa mutum da zato ba ne. Amma na san abin da ke cikin ledar nan, ruwan kogi ne da aka nuna wa fitilar biki daga nesa.

Wata safiya ina tura itace a murhu sai ga motar Alhaji ta tsaya da ƙarfi a ƙofa. Ya fito ba hula, yana rungume da autarsa Dija, yarinyar da ba ta daɗe da fara makaranta ba. Idanunta sun faɗa, wuyanta ya saki. Sun je babban asibiti sun tarar ko a ƙasa babu wurin kwanciya. Ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, ya tsallake tabarmi ya ajiye ta a gaban Sista. Na biyo shi da bokitin dafaffen ruwa da ya huce, don aikina ke nan.

Sista ta tsunkuli fatar cikin yarinyar, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta jawo jug, ta auna sukari, ta auna gishiri. Bokitina yana gefen ƙafarta a rufe. Sai ta miƙa hannu ta wuce shi, ta ɗauko leda guda daga bahon nan na bakin ƙofa, ta kai kusurwar bakinta za ta ciza.

Alhaji ya riƙe mata hannu. "Ba wannan ba."

"Me ya same shi? Ruwan ka ne, Alhaji. Na haske."

"Sista, don Allah."

"Sabon fitila ma. Wanda ba ya sa ciwon ido."

Alhaji ya dube ni, ya dubi matan da ke zaune a tabarmi, duk masu sayen ruwansa ne. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sista kuwa tana da wata kurumta da ke zuwa mata in ta ga dama.

"Ban ji ba."

"Na ce a ba ta dafaffe. Wannan ba a haska shi ba."

Ta saki ledar ta faɗa baho, ta buɗe bokitina ta kamfata, ta hau ba yarinyar da cokali. Duk abin bai kai a sha kofin ruwa ba, kuma na san ko da bai faɗa ba dafaffen za ta ba ta. Maganar da na yi ta yawo da ita a gari ana ce mini mai baƙin ciki, ga mai shagon ya faɗe ta da bakinsa a gaban iyaye mata. Da na zaci in ranar ta zo zan ji daɗi. Ban ji ba.

Dija ta tashi, yanzu haka tana nan da 'ya'yanta. Tagar nan an toshe ta a makon, fitilar ta koma gidan biki inda ta fi amfani. Amma duk ba su nake tunawa ba in na ji ɗayanku ya ce tana ci ai, a bar ta zuwa wata mai zuwa.

Wata mata nake tunawa, a tabarmar da ke kusa da ƙofa. Daga ƙauye ta zo, Hausarta ma da ƙyar. Ɗanta na kwance a cinyarta, ya daina ko kuka. Da ta ji abin da Alhaji ya ce, sai ta sa hannu a hankali cikin zanenta, ta zaro leda da aka sha rabi, an ɗaure bakin da zare don kada ko ɗigo ya zube. Ta dube ta, ta ɗaga kai ta dubi Alhaji. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce irin wadda ake yi wa wanda ya sani.

"Alhaji, nawa ruwan fa? Tun jiya shi nake ba shi."

Alhaji Buba ya sunkuyar da kai yana gyara wa 'yarsa zane.